Wasiƙa daga Sikotland: takardar da Bill McLaren yake shimfiɗawa a gabansa

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida, masu sauraro da masu kallo, musamman ƙannenmu da ke sha'awar riƙe makirufo a bakin fili. Muna gaishe ku daga Edinburgh, da fatan kowa yana lafiya, ya iyali, ya kuma harkoki.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne ganin yadda sharhin ƙwallo da Hausa ke ƙara samun kasuwa a gidajen rediyo da intanet. Abin farin ciki ne, sai dai da yawa daga cikin matasanmu suna ɗauka jarin aikin bai wuce murya mai kauri da dogon numfashi ba. A ƙasar nan an yi wani mutum da ya shafe kusan shekara 50 yana wannan sana'a, har gobe kuma in ana zancen yadda ake yi wa wasa shiri, sunansa ne ke fara zuwa bakin mutane. Shi ne Bill McLaren. Zari-ruga ya yi wa sharhi, wasan da bai samu gindin zama a wajenmu ba, amma hanyar da ya bi tana yi wa mai sharhin ƙwallon ƙafa aiki, har ma da na dambe da kokawa.

Bari mu ɗan fayyace wasan don zancen ya zauna. Mutum 15 ne a kowane ɓangare, ana yin minti 80, ƙwallon kuma mai siffar ƙwai ce. Ana rungumar ta a ruga, amma ba a jefa wa abokin wasa ita ta gaba, sai baya ko gefe. Wanda ya dangwala ta a ƙasa bayan layin abokan karawa ya ci maki 5, in an bi da bugu ta tsakanin sanduna a ƙara 2, bugun hukunci kuma 3. Lokacin da McLaren ya fara aiki maki 3 ake ba wa dangwalawar, ta koma 4 a 1971, sannan 5 a 1992. Ke nan mai sharhi yana magana yana lissafi a ka: tazarar maki 7 ci ɗaya da bugunsa ke goge ta, tazarar 8 kuwa sai an ci sau biyu, kuma mai sauraro yana jira a gaya masa haka kafin ya tambaya.

An haifi McLaren a 1923 a Hawick, wani ƙaramin gari na masaƙun kayan ulu a kudancin Sikotland, kusa da iyakar Ingila. Ku lura, “Hoik” mutanen garin ke cewa, za mu dawo kan batun sunaye. Ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a Italiya cikin rundunar igwa, aikinsa shi ne ya matsa gaba ya hango inda abokan gaba suke ya sanar ta waya, har da fafatawar Monte Cassino. Da ya dawo ya ci gaba da yi wa ƙungiyar garinsu wasa, a 1947 har an kira shi gwajin shiga tawagar ƙasa, sai tarin fuka ya kwantar da shi. Wata 19 ya yi a asibitin masu tarin da ke East Fortune, aka gwada masa sabon maganin nan streptomycin, Allah Ya sa da sauran kwana. A gadon jinyar nan ya fara sharhi: marasa lafiya na buga ƙwallon tebur, shi kuma yana bayyana wa waɗanda ba su iya tashi ta rediyon asibiti. Wasa ya ƙare masa, sai ya zama malamin motsa jiki, yana kuma rubuta rahoton wasanni a jaridar Hawick Express. Daga nan BBC ta gwada shi. A 1953 ya yi sharhin wasan ƙasa da ƙasa na farko a rediyo, Wales ta ci Sikotland 12 da nema. Zamanin ba daɗi, don tsakanin 1951 da 1955 sau 17 a jere ana doke Sikotland. Wanda ya koyi aiki a irin wannan lokaci dole ya iya yabon abokin hamayya, in ba haka ba bakinsa zai bushe. A 1959 ya koma talabijin. Duk da sunan da ya yi bai bar aji ba sai 1987, bai kuma bar garinsu ba.

Yanzu ga takardar. Kafin kowane wasa yakan samu doguwar takarda mai faɗi, falle biyu a buɗe, ya raba ta gida biyu, ƙungiya ɗaya a hagu ɗaya a dama. Kowane ɗan wasa da layinsa: lambarsa, sunansa, shekarunsa, tsawo da nauyi, kulob ɗinsa, sau nawa ya yi wa ƙasarsa wasa, maki nawa ya ci, da sana'ar da yake ci da ita, domin kafin 1995 ba a biyan 'yan zari-ruga albashi, cikinsu akwai manomi da likita da ɗan sanda da mai gyaran wuta. Alƙalin wasa ma da gurbinsa, haka tarihin karawar ƙasashen biyu. Da hannu yake rubutawa, ƙananan haruffa, da biro kala-kala, yadda ido zai faɗa kan abin da ake nema ba tare da an karanta layin duka ba. Kwanaki yake yi a kanta. Mafi yawan abin da ke ciki ba ya fitowa daga bakinsa ranar wasa, kuma ya san da haka tun yana rubutawa. Amfanin takardar biyu ne. Rubutawa da hannu ita ke dasa bayanin a ka, har ya zama ba sai an duba ba. Sannan babu wanda ya san ɗan wasan da zai zama labari yau; in wani da ba a zata ba ya ci, ko aka tsaya minti huɗu ana duba wanda ya ji rauni, mai takarda yana da abin faɗa, marar ita kuwa sai kame-kame. Har yanzu gidauniyar da ke ɗauke da sunansa tana buga kwafin waɗannan takardu ana saye, kuɗin na tafiya aikin taimako.

Masu sharhin ƙwallon ƙafa na yau sun ɗan sauya fasalin. Jerin 'yan wasa ba ya fitowa sai saura awa ɗaya ko fiye kaɗan a take wasa, saboda haka da yawansu suna rubuta bayanin kowane ɗan wasa a ƙaramar takarda mai manne tun a gida, mutum 20 da wani abu a kowace ƙungiya. Da jerin ya iso sai a liƙa 11 a jikin kwali bisa tsarin tsayuwarsu a fili, gola a ƙasa, 'yan baya, 'yan tsakiya, 'yan gaba, 'yan benci kuma a gefe. In an yi canji a ɓamɓare wannan a liƙa wancan. Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne cika kowace takarda maƙil. Abu uku ko huɗu sun isa, wanda kuma ya fi muhimmanci a ja masa layi. A nan ruwan sama ba shi da lokaci, kuma wurin zaman masu sharhi a filaye da yawa a buɗe yake ta gaba, don haka tawada mai narkewa ba ta da amfani. Fensir ko biro marar zuba, kwalin kuma a sa shi cikin leda mai haske. A gida ƙurar hunturu da iska ne za su dame ku, ku nemi abin matse takarda.

Takarda ba ta gane fuska. Wannan ya sa McLaren yake zuwa wurin atisayen ƙungiyoyin biyu kwana ɗaya ko biyu kafin wasa, aljihunsa cike da alawar na'ana'a ta garinsu yana raba wa 'yan wasa, idonsa kuwa yana kan yadda kowa ke gudu, da launin gashinsa, da wanda ke ɗaure kai, da wanda safarsa ke zamewa. Da dare sai ya ɗauko kati masu lambobi, ya cakuɗa, ya riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunan mai lambar da sauri, har sai suna ya riga tunani fitowa. Dalili a fili yake: ana minti 20 da fara wasa a filin da ya sha ruwa, taɓo ya rufe lambar kowa, mutum 16 sun dunƙule wuri guda suna turereniya, sai wanda ya san tafiyar mutum ne zai kira shi daidai. A ƙwallon ƙafa ma haka take. Ƙungiyar Celtic ta Glasgow har zuwa 1994 ba ta sa lamba a bayan riga a wasannin cikin gida, a wando kawai take, wanda ya dogara da lamba kuwa ya shiga uku. In ba ku da tabbacin wanda ya ci, ku ce an ci, ku faɗi ƙungiyar, ku bar sunan ya jira daƙiƙa biyu har ku ga wanda 'yan'uwansa suka rufa a kai. Suna na kuskure da aka kwarara da ƙarfi ba ya gyaruwa, shi za a yi ta maimaitawa a faifan wasan.

Abin da ya fi jawo masa girma a wajen Sikotland shi ne adalci. Kowa ya san ƙasar da zuciyarsa take, amma mutumin Wales ko Ingila ko Ailan ba ya jin an tauye shi. An jarraba shi a kan haka. A 1976 a filin Murrayfield da ke Edinburgh, Sikotland ta ci Ingila 22 da 12, surukinsa Alan Lawson, mijin 'yarsa, shi ya dangwala sau biyu, kuma McLaren ne a kan makirufo. A Maris na 1990 ƙasashen biyu suka sake haɗuwa a filin, kowacce ta cinye wasanninta uku a gasar ƙasashe biyar, wanda ya yi nasara ya kwashe komai. Sikotland ta ci 13 da 7, wanda ya dangwala kuma Tony Stanger ne, yaron da McLaren ya koya wa wasan a makaranta. Muryarsa ta ɗaga, kamar yadda ta kamata ta ɗaga, amma bai ce “mun ci” ba, bai kuma manta da bayyana yadda aka yi cin ba. Muna jaddada wannan ne saboda mun san zafin gidajen kallo a gida, inda rabin ɗaki na wata ƙungiya rabi na wata. Da zarar an gane mai sharhi ɗan wani ɓangare ne, duk hukuncin da ya yanke a kan fenareti ko satar gida ya zama abin zargi. A nan masu sharhin ƙwallon ƙafa sun fi kowa sanin haka, domin gabar Celtic da Rangers, manyan ƙungiyoyin Glasgow biyu, ta haɗa da tarihin addini da siyasa, kowane ɓangare kuma yana auna kalmomin mai sharhi da ma'aunin zinariya.

Harshensa kuma na garinsu ne. Bai aro karin maganar Landan ba. Ɗan wasa mai zillewa sai ya kamanta shi da kifin da ke santsi a rafin ƙauyensu. Dogon nan Doddie Weir, mai kusan mita biyu, in ya taho a guje da ƙwallo ya ce kamar mahaukacin raƙumin dawa. In gari ya yi nasara ya ce yau za a yi rawa a titunan garin. Mutane suka riƙe waɗannan kalamai saboda sun fito daga abin da mai faɗinsu ya gani da idonsa. Hausa ba ta da talaucin irin wannan. Wanda ya taɓa tsayawa a dandalin dambe ya ji kirari da zuga ya san harshenmu ya daɗe da iya bin motsin jiki da sauri. Abin da ke ɓata sharhi shi ne a ɗauko jimlar Turanci a sa mata rigar Hausa, ko a samu karin magana ɗaya mai daɗi a yi ta nanata shi sau goma kafin hutun rabin lokaci. Kowane kwatance sau ɗaya a wasa, sannan a lokacin da ƙwallo ta lafa.

Rediyo da talabijin sana'a biyu ce, McLaren kuma ya yi duka. A rediyo kai ne idon mai sauraro: wa ke da ƙwallo, a wane ɓangaren fili, ina ya dosa, nawa da nawa, minti nawa. Sakamako da lokaci a riƙa faɗinsu duk bayan minti biyu ko uku, domin kowane lokaci akwai wanda yanzu ya kunna. Matsalar nuna wuri tsohuwa ce. A Janairun 1927, da BBC ta fara sharhin wasa kai tsaye, sai da aka buga zanen fili mai gida takwas a mujallar shirye-shiryenta, wani mutum na biyu yana kiran lambar gidan da ƙwallo take. An bar wannan tuni, amma buƙatar tana nan, kuma a Sikotland da Ingila rediyo bai rasa masu saurare ba, tunda an hana nuna ƙwallo kai tsaye a talabijin ranar Asabar daga 2:45 zuwa 5:15 na yamma don kada filaye su rasa 'yan kallo. A talabijin kuwa mai kallo yana gani, abin da yake nema shi ne suna da dalili. Wanda ya saba da rediyo yakan cika surutu in ya koma can. Bayan an ci, a yi shiru na 'yan daƙiƙoƙi a bar ihun fili ya shiga gidajen mutane.

Kayan aikin ba su da yawa. Makirufon da aka fi sani a nan shi ne na leɓe, Coles 4104, mai ɗan ƙarfe a sama da ake jinginawa a leɓen sama. Hakan na tsayar da tazarar baki wuri guda, yana kuma danne hayaniyar mutum dubu 60. In babu shi, a riƙe makirufo kusa da baki a tazara ɗaya, a sa masa soso, a ɗan kawar da shi gefe lokacin ihun ci don kada sauti ya fashe. Ana ajiye wani makirufon daban yana ɗaukar amon 'yan kallo, domin sharhi babu amon fili kamar miya ce ba gishiri. A kunne akwai muryar furodusa yana cewa saura daƙiƙa goma a koma situdiyo, ko ga maimaici na zuwa, kuma dole ka ji shi bakinka bai tsaya ba. Akwai maɓallin da ake dannawa a yi magana da shi kaɗai. Mutane da dama sun rasa aiki saboda sun ɗauka makirufo a rufe yake, don haka ƙa'idar ita ce duk makirufon da ke gabanka a buɗe yake. A da layin aika sauti na tarho ne da ake kira ISDN, yanzu an koma intanet, kowanne kuma yana yankewa, shi ya sa ake ajiye waya mai cikakken caji da lambar situdiyo a shirye. Da yawa daga cikinku daga allon talabijin za ku yi sharhi, ba daga fili ba. Ku sani kyamara ba ta nuna tutar mataimakin alƙali da wuri, ba ta nuna wanda ke shirin shigowa, hoton kuma yana bayan abin da ke faruwa da wasu daƙiƙoƙi. Tun da VAR, na'urar bidiyo mai taimaka wa alƙalin wasa, ta zo, wadda ta shiga babbar gasar Sikotland a Oktoban 2022, kowane ci sai an bar masa ƙofar sokewa.

McLaren ya yi sharhin wasan ƙasa da ƙasa na ƙarshe a Afrilun 2002 a Cardiff, Sikotland ta ci Wales 27 da 22, 'yan kallon Wales da kansu suka rera masa waƙar girmamawa. Ya rasu a Janairun 2010 yana da shekara 86, aka yi jana'izarsa a Hawick.

Irin rayuwarsa, gidan watsa labarai ɗaya har tsufa, ta yi wuya yanzu, kuma wanda zai nuna muku haka muryarsa ba baƙuwa ba ce a wajenku. Duk yaron da ya buga wasan FIFA na 'yan shekarun nan, wanda yanzu ake kira EA Sports FC, a shagon gem ya ji Derek Rae. Ɗan Aberdeen ne, an haife shi a 1967, shi ma ta rediyon asibiti ya fara yana ɗan makaranta. A 1986, yana da shekara 19, ya samu shiga BBC ta Sikotland lokacin da tsohon mai sharhinta David Francey ya samu rauni. A 1991 ya tafi Boston ta Amurka aikin shirya Kofin Duniya na 1994, a filin Foxboro, inda Najeriya ta kara da Ajantina da Girka, sannan Italiya ta fitar da ita. Ya zama muryar gasar zakarun Turai a tashar ESPN. A 2009 kamfanin Setanta mai haƙƙin nuna gasar Sikotland ya durƙushe, haƙƙin ya koma hannun Sky da ESPN, sai Rae ya dawo gida. A 2013 BT Sport ta karɓa, ya bi ta. Daga baya ya koma Amurka, yana kuma yin gasar Jamus. Haƙƙin nuna wasa shi ke jan mai sharhi, kuma mafi yawansu a yau wasa-wasa ake biyansu. In tasha ta rasa haƙƙi, aiki ya tafi, komai iyawarka. Harshe na biyu da wasa na biyu su ne abin dogaro.

An san Rae da nacewa a kan kiran sunan kowa yadda mai shi ke kiransa, yana jin Jamusanci sosai, yakan kuma tambayi ɗan wasa ko ɗan ƙasarsu kafin wasa. Mu da muka sha jin yadda ake murɗe sunayen 'yan wasanmu a bakin baƙi mun san ciwon, bai kamata mu yi wa wasu ba. A rubuta sunan a takarda yadda ake furta shi da haruffan Hausa, a maimaita da baki sau biyar. Sunan wuri ma a bincika. Har yau ana tuna wani mai gabatarwa na shekarun 1960 da ya ce za a yi rawa a titunan Raith, alhali ƙungiyar Raith Rovers a garin Kirkcaldy take, babu wani gari mai suna Raith.

Wani abu da ke ƙara mana ƙwarin gwiwa: tun 2008 akwai tashar BBC Alba da ke sharhin ƙwallo da harshen Gaelic na Sikotland, wanda ƙidayar 2011 ta nuna masu magana da shi ba su kai dubu 60 ba. Suna da kalmominsu na kusurwa da satar gida da bugun tazara. Hausa mai miliyoyin masu magana ta fi ƙarfin a ce ba ta da kalma.

Mai son farawa ba sai ya jira gidan rediyo ba. Ya zaɓi wasan unguwa ko na makarantu, ya je wurin masu horarwa kwana biyu kafin nan ya karɓi sunaye da lambobi, ya rubuta kwalinsa, ya yi katinsa 22 ya haddace. Ranar wasa ya nemi wuri mai tudu daidai layin tsakiya, rana a bayansa, ya naɗi minti 15 kacal a wayarsa. Washegari ya saurara da biro a hannu, ya ƙirga sau nawa ya faɗi sakamako, sau nawa ya kira suna daidai, wace kalma ce ta fi yawa a bakinsa. Sannan ya kunna wa wanda bai je filin ba, ya tsayar da faifan a tsakiya, ya tambaye shi inda ƙwallo take.

A gaida mutanen gida baki ɗaya. Wassalam.

'Yan'uwanku mazauna Sikotland